Jakin Badagishiri

"Wannan ba kod ba ne, kashin awaki ne aka jera layi-layi." Lawali ya danna aikawa, ya kwashe da dariya har mai shayin ƙofar shagonsa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Su goma sha biyu ne a zauren intanet ɗin, matasan Konni da Malbaza da Illela, suna haɗa manhajar da za ta riƙa gaya wa manoman rani ranar da ruwa zai zagayo kan fegin kowa. Dokarsu ita ce duk wanda ya rubuta kod, sai wani ya duba kafin a karɓa. Sati uku da suka wuce wani sabo ya shigo da sunan ɓoye, Ɗan Badagishiri. Lawali na ganin sunan ya gane mutuminsa. Awal ne, ɗan kawunsa mai dillancin albasa a can garin Badagishiri, wanda ya sha cika baki cewa zai koyi aikin nan ya shigo a ɓoye ya ba shi kunya.

To, taubashi ya kawo kansa har gida, me ya rage? Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Lawali ya ce shi zai riƙa duba aikin sabon, kuma ranar farko ya raɗa masa suna Jakin Badagishiri.

Gaskiya kod ɗin abin dariya ne. Salon tsofaffin littattafai, komai da manyan baƙaƙe, kowane lissafi an bi shi daki-daki kamar a kan allo. Lawali yakan bi shi layi-layi, ya nuna kuskure, ya nuna gyara, sannan ya ɗora zagi a sama. Amsa kuwa kullum iri ɗaya ce, takan iso da hantsi: "Na gode. Zan gyara." Wannan ladabin shi ya fi kashe shi da dariya. Awal da ladabi! Lallai ɗan banzan ya iya wasan kwaikwayo.

Zahara'u ta Malbaza, wadda ta kafa zauren, ba ta ga abin dariya ba. Ta rubuta cewa zagi ba gyara ba ne, kuma sababbi biyu sun daina turo aiki don tsoron bakin Lawali. Wasu suka ce ai haka ƙwararru ke yi ko'ina, wanda bai iya shan zafi ba ya koma sayar da kati. Aka kwana biyu ana musu. Lawali bai tona asirin ba, don rabin daɗin yana cikin ɓoyewar. Ya dai kira Awal a waya ya tambaye shi ko jaki ya ji jiki. Awal, cikin hayaniyar masu loda buhuna, ya ce babu jaki sai shi, bawan banza, ya kashe wayar. Lawali ya yi ta buga cinya.

Dama a kwanakin nan ko kaza ta yi tuntuɓe dariya take ba shi. Iyayensa sun kai gaisuwa gidan su Mubaraka, yarinyar da yake nema da aure, amsa kawai ake jira. Mahaifinta, Malam Labo, tsohon malamin lissafi ne da ya zagaya lakwal-lakwal, wato makarantun boko na ƙauyuka, shekara talatin kafin ya yi ritaya ya zauna Konni. Mutum ne mai ƙarancin magana. Abin da ya ce kawai shi ne bai san yaron ba, kuma shi ba a zaure yake sanin halin mutum ba, sai a wurin aikinsa. Lawali ya share shago, ya sayi sabuwar kujera, ya yi ta zuba ido. Tsohon bai zo ba. Mubaraka ma ta rage turo saƙo, ta ce Baba ya karɓe kwamfutarta, wai yana wani nazari.

Ran Alhamis Ɗan Badagishiri ya turo lissafin rabon ruwan gaba ɗaya, wanda ya gagari zauren wata biyu. Lawali ya gwada shi ta gaba, ya gwada ta baya, bai sami ko ɗigon kuskure ba. Daɗi ya kama shi har ya miƙe tsaye. Ya rubuta: "Jama'a ku zo ku ga ikon Allah, jaki ya yi karatu! Na karɓa." Bai rufe kwamfutar ba sai ga kiran Mubaraka: Baba ya ce ya zo bayan la'asar.

Ya sa sabuwar shadda, ya hau kabu-kabu yana gaida mutanen da bai sani ba. A ƙofar zaure ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma, ya sunkuyar da kai yadda ake yi gaban suruki. Bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

Malam Labo ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau.

"Na bincika," ya ce. "Ka san aikinka, kuma ba ka da ha'inci. Abin da kowa ya ƙyale, kai kakan zamna ka karanta shi dut. Bakinka ɗai ne babu linzami, ya kuma kori yara biyu da ba su yi maka komi ba. Gobe ka nemo su."

Lawali ya ce to, yana mamakin inda tsohon ya ji wannan.

"Na ba ka Mubaraka. Amma da sharaɗi guda."

"Ko mine ne, Baba."

Tsohon ya jawo kwamfutar ɗiyarsa daga bayan matashi, ya buɗe ta a hankali.

"Daga yau ka bar ce min Jakin Badagishiri gaban mutane."