Injin Gudun Leonard

"Ba takardar likita, ba rangwamen haraji," in ji Misis Delgado, mai cike wa mutane takardun haraji. Ta turo wa Leonard rasit ɗinsa.

"Haba, baiwar Allah! Likita da bakinsa ya ce in sayi injin gudun nan saboda hawan jini. Dala dubu biyu fa!"

"Baki ba ya shiga fayil. Kawo a rubuce kafin sha biyar ga Afrilu."

Leonard akwai maƙo, ba ya biyan kuɗin tasi. Da ƙafa ya dinga zarya a Brooklyn. A asibiti aka ce likitansa ya yi ritaya, sai ya cike takardun ganin sabo. Ofishin sabon likitan yana hawa na shida, lif ya lalace. Kullum ya hau, a ce ya dawo gobe. Wata biyu ana abu ɗaya.

Ana gobe wa'adi ya samu ganin sabon likitan. Likitan ya auna shi, ya sake aunawa.

"Barka! Jininka daidai yake. Babu abin da zan rubuta."

"Likita, ka rufa min asiri. Ko ɗan kaɗan hawan jinin bai yi saura ba?"

"Ko ɗigo. Kai, injin nan ya yi aiki! Wane iri ne? Ni ma zan saya."

Injin yana nan cikin kwalinsa a bayan ƙofa a gida, matar Leonard na shanya tawul a kai.