Miyar Riɗin Hajiya Dijatu

Tun bayan sallar asuba Mutmainna ke zaune gaban tanda tana juya waina, amma hankalinta na kan ɗayan murhun, wanda har yanzu ba a hura ba.

Ba ta cika shekara a gidan nan na unguwar Bukan Sidi a Lafiya ba, sai dai labarin miyar riɗin surukarta, Hajiya Dijatu, ta san shi tun mijinta Salmanu na zuwa zance wurinta. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, ranar Kirsimeti. Ba bikinsu ba ne, amma lokacin ne ofisoshi da makarantu ke rufewa, 'ya'yan gidan su taho daga Abuja da Jos, kowa da iyalinsa. Ran nan ba a cin komai sai sakwara da wannan miyar. Babban yaya Abdulbaƙi, da likita ya hana shi maiƙo, yakan baro likitan da maganarsa a Abuja. Batulu, ƙanwar Salmanu, mai cewa ita shinkafa kaɗai ke shiga cikinta, ita ke fara suɗe kwano.

Kowa da nasa bayanin. Salmanu ya ce gishirin garin Keana ne. Batulu ta ce wutar itace ce. Abdulbaƙi ya ce su daina wahalar da kansu, hannun uwa ne kawai. Babu wanda ya taɓa gani da ido, domin ran nan Hajiya kan kori kowa daga tsakar bayan gida, ta danna sakata.

Bana kuma sai Hajiya ta zame a bakin rijiya, gwiwa ta kumbura, ko tsayuwa ba ta iyawa. Jiya da yamma, a gaban kowa, ta ce amarya ce za ta shiga madafi.

"Wadda ko gaisuwa sai ka kai kunne bakinta?" Batulu ta ce tana dariya. "To Yaya, ka tanadi burodi."

Salmanu ya yi murmushi ya ce matarsa za ta ba su mamaki, amma Mutmainna ta ga yadda ya shafa ƙeya. Ta san idan miyar nan ta ɓaci a hannunta, har jikoki sai sun ji labari, duk Disamba kuma sai an tuna mata.

Ta yi niyyar buɗe ido da kunne ta koya. Amma abin da Hajiya ta sa ta yi shi ne jiƙa shinkafa, ta kai niƙa, ta haɗa ƙullu ya kwana. Yanzu ga su su biyu a bayan sakata, Hajiya na kan kujera ƙafa a miƙe, tana ba da umarni ɗaya tak: "Juya, kada ta ƙone."

Waina dai, a gidan da babu mai cin waina yau.

Mutmainna mai lura ce, ko da yake ba mai magana ba ce. Ta duba sito tun jiya, ba ta ga ko ƙwayar riɗi ba. Kajin da aka yanka aka fige da yamma sun ɓace daga firji, haka ma ƙunshin gishirin. Da ta faɗa cikin raɗa, Hajiya ko kallonta ba ta yi ba.

"Ba ruwanki da kaji. Ƙara mai."

Rana ta ɗaga. Daga tsakar gida aka fara jin taɓarya, Batulu da matan yayye sun kama dakan doya. Ta bayan katanga kuma gidan Mama Mimidoo, maƙwabciyarsu 'yar ƙabilar Tibi, ya cika da hayaniyar masu dawowa daga coci. Mutmainna ta kai ido kan tsohon turmin da ke kife a gindin katangar. Sau ɗaya ta taɓa gusar da shi don ta share wurin, ran nan kaɗai Hajiya ta taɓa ɗaga mata murya.

Aka bubbuga ƙofa.

"Mama, ƙamshi ya iso falo fa!" Muryar Salmanu ce. "Yaya Abdulbaƙi har ya wanke hannu."

Mutmainna ta ja numfashi. Wallahi akwai ƙamshin riɗi. Ta dubi murhun da babu wuta, ta ce a ranta tsoro ne ya fara taɓa mata hanci. Waina ɗaya ta kuɓuce mata ta faɗi a toka.

"Mama," ta ce da ƙyar, ido cike da ƙwalla, "miyar fa?"

"Ashe kina magana," Hajiya ta ce. "Cika babbar kular nan da waina. Yawwa. Ɗauki ki hau turmin can, ni bana gwiwata ta ƙi. Abin da kika gani kuwa, ko mijinki kada ya ji. Tun yana goye nake rufe ƙofar nan."

Mutmainna ta tattare zani, ta taka turmin, ta ɗaga kula sama. Da kanta ya haura katanga sai ta yi ido huɗu da Mama Mimidoo, tsaye kan nata turmin, ko kayan coci ba ta cire ba, rungume da ƙatuwar tukunya tana tururi.

"Ah, ke ce amarya? Kun yi latti fa! Karɓi miyar Hajiyarku, miƙo wainar nan da sauri. Ɗana Tertsea da ƙannensa sun zo tun daga Legas, sun rantse duk garin Lafiya babu mai yin waina kamar ni mamansu."