Hannun Hagun Hambali

Motar ta sake dukan bango, Hambali ya yi tsaki ya yar da gem ɗin, 'yar na'urar wasan nan ta hannu, a cinyarsa. Ba motar gaske ba ce, wata 'yar ja ce a cikin gilashin da bai kai tafin hannu ba. Ta gasken tana ƙofar gida, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin hutawa.

Direban bas ne, Birnin Kudu zuwa Gwaram, tun yana saurayi. Hawan jini ya kayar da shi bayan babbar salla, ya tashi da hannun hagu kamar na aro. Likita ya ce a raba shi da tuƙi, ya riƙa motsa yatsu. Hagun kuwa shi ne hannun da ke riƙe sitiyari idan dama ta tafi sa giya. Matarsa Turai ta ɗauke makulli ta ɓoye. Ya yi faɗan, ya yi lallashin, ta ƙi.

Ƙaninta Hadi ne ya kawo gem ɗin daga Kano. Irin mai arahar nan ne, robarsa kamar ta gidan sabulu, amma an cusa masa tsofaffin wasanni rututu, waɗanda su Hambali suka sha bulala a kansu a gidan gem suna yara. Hadi ya zaɓar masa tseren mota, don babban yatsan hagu ne ke juya ta. Kullum shi ke kunnawa, ya daddanna, ya miƙa masa. Kullum kuma motar bango take nema.

"Ran da ka kai ta ƙarshe ba ka daki komai ba, Baban Ikilima, zan ba ka makullinka," in ji Turai. Ta faɗa ne don ba ta ga alamar ranar ba.

Da Hadi zai koma shagonsa, ya saita abin yadda da an kunna tseren ne zai fito, ya yi sallama ya tafi.

Zaman ya yi wa Hambali ɗaci. Abokan tasha sun zo dubiya a makon farko da lemo da addu'a, daga nan ƙafa ta ɗauke. Layinsa kuwa tuni wani ya gaje, ko kunyar ido babu. Masu wucewa su leƙo zaure su gan shi da wasan yara, su fita suna ƙunshe dariya. Turai ce ke ci da gidan da kaskon awara, hayaƙi ya rina mata idanu, ta gaji har ba ta iya ɓoyewa. Shi kuma yana gani, abin yana cin ransa.

Sai ga sauƙi ya zo kwatsam, a makon da Hadi ya tafi. Hambali ya daina tsaki. Ya kan zauna ya dafe abin da hannu biyu, jiki na karkata dama da hagu, gumi na tsattsafo masa. Da ya gama sai ya kashe nan take ya cusa a aljihu, don wutar unguwar sai ta ga dama take zuwa, caji ba abin wasa ba ne.

Ranar kasuwar Gwaram, yana dawowa daga masallaci da asuba ya kira ta.

"Turai, bar kaskon nan. Zo ki gani da idonki."

Ta tsaya a kansa. 'Yar jar motar ta ɗauki hanya, ta wuce shuɗiya, ta wuce fara, ta sha kwanar da ta saba kashe shi a kai kamar an ja ta da zare. Wani rubutun Turanci yana ta ƙiftawa a ƙasan gilashin, ba wanda ya bi ta kansa. Ita yatsan take kallo, yana ja da kyar a kan maɓallin, amma yana ja. Can hoton ya sauya, kiɗa ya tashi, sunayen gwanaye suka jeru.

"Ko sau ɗaya na taɓa bango?"

"Ba ka taɓa ba."

Ta tuna jiya-jiyan nan kofin koko ya suɓuce daga hannun. To amma kofi daban, ga abin da idonta ya gane mata. Kuma wallahi tana son ta yarda. Ta shiga ɗaki ta zaro makullin daga ƙasan kwalla, ta miƙa masa tana hawaye.

Hambali ya watsar da gem ɗin a tabarma ya fita ko hula bai gyara ba. Samarin unguwa suka tura bas ɗin, ta yi tari, ta tashi. 'Yarsu Ikilima ta riƙe masa riga, ita sai ta bi shi Gwaram wajen kakarta. Turai ce ta ce ya tafi da ita mana, ai yau ranar farin ciki ce. Da hannunta ta ɗaura mata kallabi, da hannunta ta ɗora ta a kujerar gaba.

Ta tsaya a ƙofa har suka sha kwanar tasha. Bayan ɗan lokaci wata maƙwabciya ta leƙo ta ce ta ga motar ta cika maƙil da 'yan kasuwa, har ta ɗauki hanya. Turai ta ce alhamdu lillahi, ta ɗauki tsintsiya ta shiga zaure.

Kiɗan ne ya tsayar da ita. Yau dai garin sauri ya manta bai kashe ba. Ta sunkuya za ta ɗauka, sai hannunta ya tsaya a sama.

Gem ɗin yana kwance a tabarma ba wanda ya taɓa shi, 'yar jar motar kuma tana wuce shuɗiya, tana wuce fara, tana shan kwanar nan ita kaɗai.