Kuɓewar Bana

Tun da aka hana ba da ruwa ga duk shukar da ba a ci, furen kuɓewa kaɗai ya rage wa Ladidi da makahon mijinta, Malam Tanko. Kowace safiya takan kwatanta masa shi: ruwan ɗorawa, cikinsa ja.

Bana mai rabon iri ya ce mata, "Inna, wannan ba ruwansa da fure, 'ya'ya kawai yake zubawa. Tsohon irin kuwa an daina ba da shi."

Yau ga kuɓewa jingim, kore shar, babu fure ko ɗaya.

"Ya buɗe?" in ji Malam.

"Ya buɗe, Malam. Har uku."

Ya karkata kunne wajen shukar, ya daɗe yana saurare.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Kuma ko ƙudan zuma ɗaya bai zo ba."