Ni da Kunne Nake Ji

Wata marubuciya na zaune a maɗaba'a tana gyaran sabon littafinta, labarin masoyan da ke jin zuciyar juna daga nesa, sai ga Tela. Shekara uku ke nan yana zarya wurinta, bai taɓa furta komai ba.

"Yayana ya ce in tambaye ka nufinka," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ya gyara hularsa. "Ai kin sani. Ke kika rubuta cewa zuciya ba ta buƙatar baki."

Ta cire tabarau, ta murza idanunta.

"A takarda ke nan, Malam. Ni da kunne nake ji."

Ta jira. Ya buɗe baki, ya rufe, ya ƙura mata ido yana aiko saƙonsa da zuciya.

Ta mayar da tabarau, ta juya shafi.