Direban da Ya Ɓoye Fasinjojinsa

Kai da ka sayi babbar waya kana son faɗaɗa sana'a, matso ka ji abin da ya sami wani direban tasi, a wani birni mai gada ɗaya tsakanin tsohon gari da sababbin unguwanni.

Shekaru ya yi yana bin layi a tasha, fasinja sai raguwa suke yi, domin mutane sun koma kiran mota daga cikin ɗakunansu. Da ya ga tukunyar gidansa ta fara wuni ba a ɗora ba, sai ya sayi waya mai taswira, ya dage har ya iya ta. Ya manna lambarsa a shagunan teloli da kantunan magani da ƙofar makarantu. Ba a jima ba aiki ya buɗe masa: ya kai ɗinki gidan biki, ya karɓo wa tsoho magani, ya raba wa mai abinci kuloli ofis-ofis. Mafi nauyi a ciki shi ne na wata ma'aikaciyar jinya, wadda ta damƙa masa 'ya'yanta mata biyu ƙanana, ya kai su makaranta da safe, ya ɗauko su in an tashi. Amma samun bai kawo masa kwanciyar hankali ba. Abokan sana'arsa sun buɗe zaure a waya, inda duk wanda aiki ya yi wa yawa ko nisa yakan jefa saƙon murya, na kusa ya ɗauka. Sun sa shi a ciki, shi kuwa bai taɓa cewa uffan ba. Gani yake duk wanda ya san ƙofar fasinjansa yau, gobe zai raba shi da shi. In wayarsa ta yi ƙara a tasha, sai ya zaga bayan mota ya amsa ƙasa-ƙasa. Kowa ya kira, amsarsa ɗaya ce: "Ga ni nan zuwa." Abinci ma a kan sitiyari yake ci, don kada wani aiki ya kufce masa.

Ran nan da damina wani tela ya roƙe shi ya kai kayan amarya can ƙetaren gada. Ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas, ya san lokacin tashin yara ya matso, amma ya ce a ransa zai yi sauri. A hanyar dawowa sama ta ɓalle. Kwatoci suka cika suka tumbatsa, motoci suka yi cirko-cirko a bakin gada. Ya kutsa wani lungu yana neman mafita, ruwa ya sha kan bututun hayaƙin motar, injin ya yi tari ya mutu. Ya murɗa makulli, shiru. Sai ga kiran maigadin makaranta: kowa ya watse, saura yaran nan biyu a rakuɓe a rumfarsa, ƙaramar sai kuka take yi, ga iska na neman ɗage kwanon rumfar, ga ruwa ya fara shigowa harabar. Ya kira uwar, ba ta ɗaga ba, tana ɗakin tiyata. Cajin wayarsa ya koma ja. Ruwan da ke cikin motar ya kai masa idon sawu. Maganar matar ce kawai ke yi masa amsa-kuwwa a kunne: "Malam, bayan Allah, kai na ba wa amanarsu."

Sai ya buɗe zauren nan da ya daɗe yana yi wa kallon matattarar ɓarayi. Ya faɗi sunan makarantar da halin da ake ciki, ya zuba wa wayar ido. Har ya fara cewa a ransa ai ba mai kula marowaci, sai ga amsa. Wani dattijon direba ne da suka sha zama benci ɗaya a tasha, saukar da fasinjansa ke nan a unguwar da ke bayan makarantar. Dattijon ya turo hotonsa da lambar motarsa, aka aika wa maigadi don ya san wanda zai miƙa wa yaran, aka aika wa uwar ta gani in ta fito. Sannan dattijon ya kunna alamar da ke nuna inda motarsa take. Direban nan ya zauna cikin ruwa yana bin wani ɗan ɗigo a kan taswira, ɗigon na tafiya yana tsayawa. Ɗigon ya isa makaranta, ya daɗe bai motsa ba, can ya juya ya nufi unguwar su yaran. Bai kai ga ganin isarsa ba wayar ta mutu.

Sai da ruwa ya tsagaita wasu direbobi biyu da suka ji saƙon suka iso da igiya, suka jawo shi. A wayar ɗayansu ya ji muryar yaran, suna gida wajen kakarsu, an canza musu kaya. Ya kifa kai a jikin motar. Washegari uwar ta ce ba za ta sallame shi ba, amma daga yau tana son lambar dattijon ma a hannunta. Abin ya sosa masa rai, amma ya ba ta lambar. Da yamma kira biyu suka haɗu masa. Ya daɗe yana jujjuya wayar a hannu, sannan ya ɗauki ɗaya, ya jefa ɗayan a zaure.

To, ka ji. Waya za ta kawo maka aiki daga kowace kusurwa ta gari, amma mota ɗaya kake tuƙawa. Hausawa sun riga sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.