Wallahi Wannan Ne Na Ƙarshe

A kwamfutar Darakta akwai fayil bakwai na fim ɗaya. Akwai "ƙarshe", akwai "ƙarshe na biyu", akwai "ƙarshen ƙarshe", har da "wallahi wannan ne na ƙarshe". Duk wanda ya taɓa tace fim ya san wannan cuta. Ranar da mai ƙaramar silimar bayan tasha ya ce a kawo, Darakta ya kwafi wanda aka yi wa rantsuwa a kan filashi, ya jefa a aljihu ya fita da sauri.

Shekara ashirin ya yi yana riƙe wa wasu fitila a wurin ɗaukar fim, ba a taɓa tsayar da shi a titi ba. Burinsa ɗaya ne, kuma ba ya kunyar faɗa: mutane su san fuskarsa. Shi ya sa da ya samu damar yin nasa, shi ya rubuta labari, shi ya ba da umarni, shi kuma ya fito a matsayin uban da ke jinya. Ya rubuta wa uban jawabin minti arba'in a kan gadon asibiti. Majinyacin da ke da wannan numfashi, sallama daga asibiti ce ta dace da shi.

Ƙanwarsa ce mai tace hoto, kuma sun sha rigima a kan jawabin.

"Wallahi, Yaya, mutumin nan ya ƙi mutuwa," in ji ta. "Ni da nake 'yar'uwarka ma na gaji da jira."

"Ke me kika sani a harkar fasaha?" Ya tashe ta daga kujera, ya ƙarasa aikin da hannunsa.

Silimar kujera sittin ce, da fanka guda mai ƙara. Mai ita ya ba shi mako ɗaya: in kujeru ba su cika ba, zai koma nuna ƙwallo. Darakta ya kasa shiga ciki don tsoro. Sai ya sa sabuwar riga ya tsaya a bakin ƙofar fita, daidai inda haske ke sauka a fuskarsa.

Ranar farko mutum goma sha ɗaya suka zo. Rana ta uku sai da aka ƙaro benci. Jama'a na fitowa suna share ido, tun kafin ƙafarsa ta gaji da tsayuwa. Ya ce a ransa abu mai daɗi dama ba ya daɗewa.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ya gyara tsayuwa, ya yi murmushi har kumatunsa suka yi tsami, amma babu wanda ya ce masa "Kai ne?" Wata mata ta miƙa masa waya ya ɗauke ta hoto da ƙawarta. Wani dattijo ya tambaye shi hanyar banɗaki. Darakta ya lallashi kansa da cewa farin gemun da aka manna masa ne ya ɓoye shi. Gwanin ɗan wasa ai shi ne wanda ba a gane shi.

Rana ta biyar wata shugabar tashar intanet ta zo ta kalla. Ta fito ta neme shi da takarda a hannu.

"Muna son fim ɗin nan shekara biyar," ta ce. "Sharaɗi ɗaya: yadda yake a silimar nan za mu ɗauka, ba ƙari ba ragi, ko daƙiƙa guda. Uban nan kuwa, ban taɓa ganin an nuna mutuwa da irin wannan kamun kai ba."

Kan Darakta ya kumbura. Ya sa hannu bai ko karanta ba, ya ce mata wasan ya ɗan wahalar da shi, amma baiwa ce.

Ranar ƙarshe ya yi ƙarfin hali ya shiga. Ya zauna a layin baya, ƙanwar tasa a gefensa sai mutsu-mutsu take yi. Tun ranar farko take kallo, kuma tun ranar take guje masa.

"Yaya, wallahi akwai maganar da nake son..."

"Yi shiru, ga wurina ya zo."

Ƙofar ɗakin asibiti ta buɗe a kan allo. Darakta ya gyara zama, leɓɓansa har sun fara karanto jawabin. 'Yar majinyacin ta shigo a hankali, ta tsaya a ƙarshen gado, ta fashe da kuka. Silima ta yi tsit, sai jan hanci. Ya jira kyamara ta hau zuwa fuskarsa. Hoto ya dushe, sunaye suka fara hawa.

A nan ya tuna cewa shi bai taɓa sa wa fayil rantsuwa ba, ya juyo ya dubi mai yawan wallahi da ke gefensa.

Daga minti arba'in ɗinsa, abin da duniya za ta kalla har shekara biyar shi ne tafin ƙafarsa biyu, sun leƙo daga ƙarƙashin zanin gado.